Wasiƙa zuwa ga Babana kafin ku tashi Kanada

Assalamu alaikum Babana, da fatan kun wuni lafiya kai da ɗiyata da yaran. Naga hoton bizar da ka turo, alhamdulillahi, Allah yasa alheri ne ya kira ku. Rubutawa nayi da gangan don nasan halinka, in nayi maka vokal mai tsawo rabi kake ji kace toh Hajiya, wannan kuwa ka ajiye shi a waya ka dinga komawa kai.

Kowa a gidan nan kai yake yiwa murna da addu'a, ni kuma tunanina yana kan matarka. Kai da ka sauka Montreal kana da inda zaka je da safe, kana da abokan aiki da zasu nuna maka hanya, faransancinka ya zauna, wata ɗaya biyu ka saba. Ita fa? Yarinyar da tunda aka haife ta a Birni bata taɓa wuni ita kaɗai a gida ba, yau suna gobe biki jibi gaisuwa a Zongo, in zata Kasuwar Dole ta miƙa goyo ma maƙwabciya ta tsallaka, in ta kwana biyu bata leƙa gidansu ba an aiko ace lafiya. Ita ce zaka ɗauka ka saka a bene, ƙofa rufe, maƙwabci bai san sunanta ba, ga yaro ɗan lakwal ga ta goye, waje kuma sanyi. Kuma karka ce min ai mun san sanyi, hunturun Damagaram da muke hura wuta da asuba muna rawar ɗari ba shi bane, can a watan Janairu yana sauka 20 ƙasa da sifiri, kwatankwacin cikin firizar da ake daskarar da ƙanƙara, kuma a Disamba ƙarfe 4 da 'yan mintuna na yamma rana ta faɗi. Shekarun da nayi ina aikin ungozoma naga mata da yawa da damuwa ta kama bayan haihuwa alhali suna tsakiyar dangi ana dama musu kunun kanwa, balle wadda ba kowa. Alamarsa ba kuka bane kullum, wata shiru zata yi, ta daina kitso, abinci ya ƙi ciyuwa, ka tambaye ta tace ba komai. In kaga haka karka ce shagwaɓa ce ko kewar gida ce zata wuce, ka kai ta likita, ciwo ne kuma ana maganinsa.

Don haka abu na farko da nake so, tun satin da kuka sauka ka nemo mata ajin koyon faransanci. Nasan tayi birbe amma faransancin takarda daban, na mutanen Kebek, jihar da Montreal take ciki, kuma ance ko ku masu dipulom sai kun kasa kunne. Gwamnatinsu tana koyarwa kyauta ga baƙi. Ba don yaren kaɗai nake faɗa ba, don ta samu dalilin saka takalmi ta fita ne, ta hau bas da kanta, ta san wasu matan, ta iya kai yarinya likita ranar da kana wajen aiki. Paspo ɗinta da duk takardunta su zauna inda ta sani kuma hannunta yake kaiwa, ka buɗe mata kont nata a banki ko kaɗan ne kake zubawa, lambar gaggawa 911 ta haddace ta da adireshin gidan. Ka bincika kuma ko takardarta ta bata izinin aiki, don ba kowace matar ma'aikaci ake baiwa ba. Wasu mazan namu suna ganin in mace bata san komai ba a ƙasar waje tafi zama lafiya, wallahi ni ban yarda ba, ranar da aka kwantar da kai asibiti waye zai riƙe gidan?

Aikin gida kuma sai ka zage, can ba 'yar aiki ba ƙanwa ba almajiri, hannu ɗaya baya ɗaukar jinka. Ka wanke kwano ka yiwa yaro wanka, ba wanda zai ganka balle yace mijin tace, in ma an faɗa kace ni na saka ka.

Maganar lafiya, ka sani katin asibitin gwamnati da suke cewa RAMQ manya sukan jira har wata 3 kafin ya fara aiki, kuma kwana ɗaya a asibitinsu ba tare da shi ba zai iya cinye abinda ka tara, to ka sayi inshorar wucin gadi ta wannan tsakanin karka ce Allah zai kiyaye kawai. Karne na rigakafin yaran duka biyu ka saka su cikin jakar hannu ba cikin baliz ba. Kuma ka tambayi likita maganar bitamin D musamman ta goyen da uwarta, mu baƙar fata in rana tayi ƙaranci jikinmu baya samun isasshe.

Naji ɗiyata tana ta haɗa kaya, har an aika a yi muku kilishi. Ku cinye shi a Yamai ko ku rabar, nama baya shiga Kanada daga nan, kuma duk abincin da kuka ɗauko, kuka ce, kuɓewa busassa, daddawa, yaji, ku faɗa a filin jirgi cewa kuna ɗauke da shi su duba, abinda suka bari ku wuce da shi wanda suka karɓe ku haƙura. Ɓoyewa ce take jawo tara, tana kai dalarsu 1300, akan ƙullin daddawa.

Sai yaronka, nasan kai da saurin hannu irin na mahaifinka Allah ya jiƙansa. Can doka bata yarda a daki yaro da bulala ko bel ko wani abu ba, ko mari a fuska, kuma malaman lakwal wajibi ne a kansu in sun ga shaida a jikinsa su sanar da hukumar kare yara, DPJ, su kuma suna da ikon shigowa har cikin gidanka. Ba ina cewa ka sakar masa ba ne, tarbiyya tana nan, amma da baki da zama da shi da hana shi abinda yake so. Lakwal ta faransanci zai shiga, dokarsu ce tun 1977 ga 'ya'yan baƙi, wannan bai dame ni ba, Hausar ce nake jin tsoro. Shekara biyu ta isa yaro ya fara amsa maka da faransanci in kayi masa Hausa. A cikin gida kada ku yi musu wani yare, kuma ku nemi masallacin da ake karatun yara ranar Asabar ko Lahadi tun da wuri. Bana son ranar da zan kira jikana sai an tsaya ana mana tafinta. Ɗiyata kuma ta saka hijabinta ba mai hana ta a hanya ko kasuwa, sai dai akwai dokar 2019 da ta hana alamar addini ga wasu ma'aikatan gwamnati kamar malaman lakwal da 'yan sanda, in ta tashi zaɓen abinda zata karanta ta san da wannan.

Kwantararka ka karanta ta da kyau, in izinin aikinka sunan kamfani ɗaya ne a kai to ba zaka iya barinsu ka koma wani wuri haka kawai ba sai an sake takarda, kayi haƙuri da su har ku samu ta zama ta dindindin. Haya kuma yawanci ta shekara ce, tana ƙarewa 30 ga Yuni, kuma mai gida a Kebek bashi da ikon karɓar kosiyon, wato kuɗin ajiya na jingina, irin na nan, kuɗin watan farko kawai.

Yanzu maganar dangi. Tun yanzu an fara lissafa albashinka da sefa, dala ɗaya sefa 400 da wani abu, an buga an ga miliyoyi, ba wanda ya cire lampo da haya da wuta da manto da takalman sanyi na mutum huɗu. Ni nace, shekarar farko ban ɗora maka komai ba, pansho ɗina yana isata, kuma duk wanda ya kira ka da buƙata kace ya zo wajena, na iya da su, har kawunka. Abinda ka ware na aikowa gida kuwa ku zauna da matarka ku yanke tare, kuma iyayenta suna ciki, kada ya zama gidanmu kaɗai ke gani. Ba kuɗi ne yafi raba aure a ƙasar waje ba, ɓoye lissafi ne.

Tsakaninmu da ku awa 6 ne lokacin sanyi, 5 lokacin zafi, to azahar ɗinku dare ne a nan. Ranar Lahadi ku kira kafin in kwanta, kuma ka bata wayar mu yi magana ni da ita kana wani ɗakin. Mamanta ma ta dinga kiranta kullum in tana so, karka yi ƙorafi akan wannan.

Kafin ku kama hanyar Yamai ku shiga ku yi sallama da gwaggonka ta Garin Malam, ƙafarta bata barinta fita kuma tayi ta tambaya. Takardar filinka ka kawo min in ajiye, ka bar wa ƙanenka wakilci a rubuce. Allah ya kai ku lafiya, ya tsare min ku, ya yi muku albarka.

Mahaifiyarka, daga Damagaram.