Rahoton Ayyukan Shekara: Kalaman Ƙiyayya a Intanet da Tanadin Doka

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan uwa mambobi.

Bana yawancin ƙarfin ƙungiya ya tafi ne wajen sanar da jama'a cewa zagi ko barazana ga mutum a intanet saboda ƙabilarsa laifi ne a dokar ƙasa. Sashe na 26 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 5 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 10 ba, ko duka biyun. A zamanmu da 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa a Sabon Garin Zariya, da yawa ranar suka fara jin wannan sashe. A Wusasa kuwa, Hausawa Kiristoci sun nuna mana saƙonnin Facebook da ake ce musu su ba Hausawa ba ne.

Inda muka sha wuya shi ne hujja. Mutum zai zo rai a ɓace, ka tambaye shi saƙon, ya ce ya goge don takaici. Lauyoyin cikinmu sun bayyana cewa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana buƙatar takardar da ke tabbatar da na'urar da aka ciro hujjar kafin kotu ta karɓa. Don haka a daina gogewa: a ɗauki hoton saƙon da kwanan watansa da sunan shafin. Saƙon murya na WhatsApp ya fi wuyar bi, domin ya ratsa hannu da dama kafin ya iso.

Wasu mambobi sun nemi mu goyi bayan doka mai tsanani irin ƙudirin Sanata Aliyu Sabi Abdullahi na 2019 kan kalaman ƙiyayya, mai hukuncin rataya. Kwamitin gudanarwa bai yarda ba. Mun ga yadda aka yi ta kama 'yan jarida da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, har kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya tauye 'yancin faɗin albarkacin baki, aka gyara shi a 2024. Dattawanmu da suka ga rikicin Kafanchan na 1987 ya fantsamo Zariya ne suka fi dagewa a nemi sulhu ta hannun masu unguwanni kafin a je kotu.

Zaman Samaru da ɗalibai bai yiwu ba saboda ƙarancin kuɗi. Mun ɗage shi zuwa baɗi. Masu bashin kuɗin wata, don Allah a ga ma'aji kafin taro na gaba.

Sakataren Ƙungiya