Amsa ga ɗalibar da ta tambaye ni amfanin alƙalami

Assalamu alaikum, 'yata.

Ranar taron marubuta, ana gab da tashi, kika miƙe daga layin baya, aka miƙo miki makirufo, kika ce: "Malam, tun safe kuke yabon adabi. Ku gaya mana tsakani da Allah, wane labari ne ya taɓa tsabtace kogin da kamfani ya gurɓata? Wace waƙa ce ta taɓa ƙwato wa talaka gonarsa?" Ɗaki ya yi tsit. Na ba ki amsa ta minti biyu wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba, ga shugaban taro yana ta nuna mini agogo. Tun ranar tambayar take ci mini rai, kuma tunda a bainar jama'a kika yi ta, a bainar jama'a zan amsa miki.

Da farko, kina da gaskiya. Babu littafin da ya taɓa kwashe ɗanyen mai daga bakin ruwa. Wannan aikin injiniya ne da kotu da gwamnati. Sai dai kafin injiniya ya iso, kafin alƙali ya zauna, dole wani ya fara yarda cewa an yi ɓarna, kuma waɗanda aka yi wa ɓarnar mutane ne masu haƙƙi. A nan ake kokawar farko, kuma a nan marubuci yake da aiki.

Ki lura da halin cutar muhalli. Bam idan ya tashi, kowa ya ji ƙararsa, kafin la'asar duniya ta sani. Guba kuwa a sannu take tafiya. Bana kifi ya ragu, baɗi rogo ya ƙi yin saiwa, bayan shekara biyar yara sun fara tarin da ba ya jin magani. Babu rana guda da za a nuna a ce yau aka kashe garin nan. A shekarar 2011 hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan gurɓatar da ɗanyen mai ya yi wa ƙasar Ogoni da ke yankin Neja Delta. A wani gari mai suna Nisisioken Ogale ta tarar da sinadarin benzin, mai haddasa ciwon daji, a ruwan rijiya har ninki 900 na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, ta kuma ce gyaran yankin zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Wannan lissafi gaskiya ne, kuma muna buƙatarsa. Amma ninki 900 ba ya hana kowa barci. Abin da ke hana barci shi ne a nuna miki uwa da asuba a bakin rijiya, ta jawo guga ta ga maiƙo yana walƙiya a saman ruwan, ta shinshina ta ji warin kananzir, ta tsaya jim, sannan ta juye a tulu, domin ba ta da wata rijiyar kuma yara za su tashi da ƙishirwa. Wannan tsayawar tata ta ɗan lokaci ba ta shiga rahoto. Labari ne kawai yake iya riƙe ta.

Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A sha'anin muhalli abin ya sha bamban, wani ne yake jan ruwan, wani kuma yake jiƙewa. A watan Disamba na 1984, iska mai guba ta ɓalle cikin dare daga masana'antar maganin ƙwari ta Union Carbide a Bhopal ta ƙasar Indiya. Dubban mutane suka mutu cikin 'yan kwanaki, akasarinsu talakawan unguwannin da ke manne da katangar masana'antar. Mai hali ba ya gina gida a gindin bututun hayaƙi. Shi ya sa ba na raba maganar muhalli da maganar talauci da ta mulki, igiya ɗaya ce mai tufka uku.

Kin nemi misali. A 1962 Rachel Carson, masaniyar halittun ruwa a Amurka, ta fitar da littafinta kan illar magungunan feshi. Duk da iliminta na kimiyya, da ƙagaggen labari ta buɗe shi, labarin wani gari da aka wayi gari babu kukan tsuntsu ko ɗaya. Kamfanonin sinadarai suka yi mata ca. Ta rasu a 1964, kuma a 1972 Amurka ta hana fesa maganin ƙwari na DDT a gonaki. Ba littafin kaɗai ya yi aikin ba, amma shi ya sa maganar ta fito daga ɗakin gwaji ta shiga gidajen mutane.

Ga wani misalin da ya fi damuna, don ba zan ɓoye miki rauninmu ba. Marubucin Amurka Upton Sinclair ya shafe mako bakwai cikin mahautan Chicago, ya fitar da littafin labari a 1906 kan baƙin haure da ke aiki a can cikin wahala da ƙasƙanci. A shekarar aka kafa dokar duba nama. Masu karatu sun firgita da ƙazantar abin da suke ci, amma ma'aikacin da injin ya cinye wa yatsu bai dame su sosai ba. Mai wadata yakan ji ɓangaren labarin da ya taɓa jikinsa, ya tsallake sauran. Haka kuma ba kowane alƙalami ne na talaka ba. Babu fadar da ta rasa mawaƙanta, kuma littattafan matafiya na zamanin mulkin mallaka sun sha kwatanta ƙasashen mutane tamkar dajin da ba shi da mai shi, har ƙwace su ya zo da sauƙi.

Idan kina son sanin nauyin adabi, ki dubi wanda yake tsoronsa. Ngugi wa Thiong'o na Kenya ya daɗe yana sukar masu mulki da Turanci, ana ƙyale shi. Da ya haɗu da manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu suka shirya wasan kwaikwayo da harshen Gikuyu kan ƙasa da ƙwadago, su da kansu suna hawa dandali, sai aka kama shi a ƙarshen 1977, aka tsare shi kusan shekara guda a kurkukun Kamiti ba tare da shari'a ba. A can ya rubuta labarinsa na gaba a kan takardar bayan gida. Abin da gwamnati ta kasa jurewa shi ne manomi ya ji labarin gonarsa da bakinsa, a harshensa. Ken Saro-Wiwa kuma, marubucin da ya kai kukan Ogoni kunnen duniya, gwamnatin soja ta rataye shi da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Shekara 16 bayan haka rahoton da na ambata ya tabbatar da ɓarnar da yake faɗa.

Na ji a muryarki ranar nan cewa ba don izgili kika yi tambayar ba, akwai abin da kika gani da idonki yake cin ki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ki je wurin mutanen da abin ya shafa, ki zauna, ki bar su su yi magana har su gaji. Ki tambayi tsohuwa yadda ruwan yake lokacin ƙuruciyarta, da sunan kifin da ya ɓace, da shekarar da ta daina wanka a rafin. Ki rubuta da harshen da za su gane idan an karanta musu, kuma ki karanta musu kafin kowa, su gyara miki inda kika yi kuskure. Bayan su, ina roƙon ki turo mini in karanta.

Wassalam,
Malamin da kika tambaya.