A Koya wa Ɗalibai Bin Diddigin Ayyukan Gwamnati da Kwamfutocin Makaranta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake amfani da ɗakunan kwamfuta a makarantun sakandaren da suka yi sa'ar samunsu. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, aikin waɗannan ɗakuna ya kusa komawa abu guda, a zaunar da 'yan aji shida su yi atisayen danna amsa, in an gama jarrabawa a kulle ƙofa sai baɗi. A ajin da ke kusa kuwa, malamin ilimin zama ɗan ƙasa yana rubuta haƙƙoƙin jama'a a allo yara suna haddacewa, alhali ba su taɓa ganin yadda ake neman ko guda ɗaya daga cikinsu ba.

Ra'ayina shi ne a haɗa wannan darasi da wancan ɗaki, kuma mu mutanen Zamfara muna da dalilin da ya fi na kowa ƙarfi. A 2010 aka gano cewa gubar dalma daga aikin haƙar zinare tana kashe ƙananan yara a ƙauyukanmu, har fiye da yara 400 suka rasu. Garin Bagega da ke Ƙaramar Hukumar Anka ya daɗe yana jiran kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasa, likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, kuma suna cewa babu amfanin ba yaro magani a mayar da shi cikin gubar. Matasa ƙalilan, ciki har da Hamzat Lawal, suka ɗauki maganar suka baza ta a intanet da sunan ceto Bagega, suna tambayar inda kuɗin ya maƙale, har gwamnatin tarayya ta sake shi a farkon 2013. Kayan aikinsu ba su wuce waya da kwamfuta da sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa ba, kuma duk wannan abu ne da ɗan aji biyar zai iya koya.

Malami zai iya sauke kasafin kuɗin gwamnati na shekara daga intanet sau ɗaya, ko ya buɗe shafin Tracka na ƙungiyar BudgIT, wanda ke bin diddigin ayyukan gwamnati, ɗalibai su nemo ayyukan mazaɓa da aka rubuta da sunan gundumarsu: rijiyar burtsatse, ginin azuzuwa, ɗakin shan magani. Daga nan su je tare da malaminsu su ga ko aikin yana nan, su ɗauki hoto, su dawo su rubuta rahoto. Idan aikin na hukumar tarayya ne kuma ba a gan shi ba, sai a koya musu rubuta takardar neman bayani a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. A aiki guda yaro ya yi lissafi, ya yi rubutu, ya kuma san cewa kuɗin gwamnati yana da masu shi.

Na san iyaye da yawa da sun ji an ce fafutukar ɗalibai sai gabansu ya faɗi, kuma ban ga laifinsu ba, domin har yanzu akwai masu tuna ɗaliban da aka harbe a Zariya a zanga-zangar 1978. Abin da nake kira a kai ba fita titi ba ne. Dole malami ya ajiye jam'iyyarsa a bakin ƙofa, kada ya mayar da 'ya'yan mutane sojojin baka na wani ɗan siyasa, kuma kada a sanya sunan yaro ko fuskarsa a Facebook. Takarda ta fita da sunan makaranta, da sa hannun shugabanta.

Tun 2018 doka ta ba mai shekara 25 damar tsayawa takarar majalisar jiha da ta wakilai, don haka ɗaliban da ke gabanmu yau ba su da nisa da waɗannan kujeru. Ina kira ga ma'aikatun ilimi na jihohi su sanya irin wannan aiki cikin makin da ake ba ɗalibi a zangon karatu, kwamitocin kula da makarantu kuma su ɗauki nauyin kuɗin data da man janareta na ranar da za a yi shi.

Naka,
Malamin sakandare,
Gusau, Jihar Zamfara.