Masu sayar da sababbin motoci, ku riƙa faɗa wa mai saye inda motarsa take

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan abin da masu yin odar sabuwar mota suke fuskanta tsakanin ranar biyan kuɗi da ranar karɓar makulli. Mutum zai je wajen dila ya zaɓi mota, kalar da yake so ko irin injin da yake so babu a ƙasa, a ce sai an yi oda, ya ajiye kafin alƙalami, a ce masa wata biyu insha Allah. Wata biyu ya cika ya buga waya a ce tana hanya, bayan sati uku ya sake bugawa a sake ce masa tana hanya, shikenan fa, ba wanda zai ce masa wace hanyar. Wannan amsar ita ce take ɓata tsakanin mai saye da mai sayarwa, fiye da jinkirin shi kansa ma. Mutane suna iya jira wallahi, in dai sun san abin da suke jira.

Ita fa motar da aka ce tana hanya, zai yiwu ko ƙera ta ba a fara ba. Kamfani yana raba wa dillalai kaso ne, odarka sai ta shiga layi tana jiran a sa mata ranar ƙira, to a nan babu wata mota taka a duniya, suna ne kawai a kwamfuta. In an ƙera ta sai ta zauna a filin masana'anta tana jiran tirela ko jirgin ƙasa ya kai ta bakin teku, can ma ta sake zama tana jiran jirgin ruwa ya zo kuma a samu gurbi a ciki. Manyan jiragen dakon motoci, waɗanda ake tuƙa motar a shigar da ita ciki a ɗaure, suna ɗaukar mota 6,000 zuwa 8,000, kaga kuwa ba don mota ɗaya za su tashi ba, kuma in sun tashi ba tasha ɗaya suke tsayawa ba, za su sauke nan su ɗauka can kafin su iso wadda za a sauke taka. Bayan an sauke ga kwastan, ga takardu, ga jiran wata tirelar, sannan dila ya cire ledojin da aka lulluɓe ta da su ya yi mata dubawar ƙarshe. Duk wannan ana dunƙule shi a kalma biyu a miƙa wa mutumin da ya riga ya fitar da kuɗinsa.

Shi ya sa nake roƙon duk mai yin oda, abu na farko da zai nema shi ne lambar shasi, wato VIN. Haruffa da lambobi ne guda 17, kuma babu harafin I ko O ko Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0, in ka ga an turo maka lamba mai ɗauke da su to akwai kuskure ko akwai wasa. Farkon lambar ma yana nuna ƙasar da aka ƙera motar, J na Japan ne, W na Jamus, L na Chaina. Galibi mota ba ta samun wannan lamba sai an sa ta a jerin ƙira ko an gama ta, saboda haka in dila ya ce tana cikin jirgi amma ya kasa ba ka lambar shasi, sai ka sake tambaya da kyau, don har yanzu cinikin biri a sama kake yi.

Na biyu sunan jirgi. Motar da aka loda tana da takardar shaidar lodi, kuma a jikinta akwai sunan jirgin da tashar da aka ɗauka da wadda za a sauke. Da sunan nan kaɗai za ka shiga shafi irin MarineTraffic ko VesselFinder a wayarka ka ga inda jirgin yake, domin manyan jirage suna ɗauke da na'urar AIS mai sanar da matsayinsu. Sai dai kada hankalinka ya tashi in ka ga jirgin ya tsaya cak a taswira kwana da kwanaki, sigar kyauta ta waɗannan shafuka ta fi dogaro da na'urorin bakin gaɓa, in jirgi ya yi nisa cikin teku sai ya ɓace har sai ya sake kusantar ƙasa. Kuma ranar isowar da za ka gani ta jirgi ce, kiyasi ce ma, ba ranar da za ka riƙe sitiyari ba. Tsakanin saukewa da miƙa makulli ana iya cin sati biyu ko fiye.

Gaskiya dai ba kowane jinkiri ne laifin dila ba, dole a yi musu adalci. A watan Maris na 2021 jirgin Ever Given ya tokare mashigin Suez kwana shida, ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko. A 2021 da 2022 ƙarancin ƴan ƙananan na'urorin lantarkin nan da ake sa wa kwamfutar mota ya sa an ƙera dubban motoci an jibge su a fili suna jiran abin da bai kai farce girma ba. A Fabrairun 2022 jirgin Felicity Ace da ya taso daga Jamus zuwa Amurka ya kama da wuta kusa da tsibiran Azores a Tekun Atlantika da mota kusan 4,000 a ciki, har da Porsche da Bentley da Lamborghini, daga baya ya nutse, masu oda sai da aka sake ƙera musu wasu. Daga ƙarshen 2023 kuma, bayan ƴan Huthi na ƙasar Yaman sun kama jirgin dakon motoci Galaxy Leader a Bahar Maliya, kamfanoni da yawa suka koma zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, abin da yake ƙara kwana goma zuwa sati biyu a tafiya tsakanin Asiya da Turai. Ba dilan da yake da iko a kan wannan. Amma ai yana da iko ya ɗauki waya ya ce Alhaji ko Hajiya ga abin da ya faru, ga sabuwar ranar da muke sa rai. Abin da yake min ciwo kenan, bayanin yana nan a kwamfutarsu, rowarsa kawai ake yi, wasu don kada mai saye ya janye kuɗinsa, wasu kuma tsabar rashin ɗaukar abokin ciniki da muhimmanci.

Kuma jinkirin nan yana da asara ta gaske. Wani ya sayar da tsohuwar motarsa saboda ranar da aka ba shi, ya koma hawan haya wata da watanni da iyalinsa. Wani bashin banki ya nema, wa'adin amincewar ya ƙare kafin motar ta iso, sai an sake sabon lissafi. Wani kuma motar ta iso an ce farashi ya tashi sai ya yi ciko. Don haka kafin a ba da ko sisi a rubuta a takarda: wane farashi aka tsaya a kai, wace rana ce iyaka, in ta wuce za a mayar da kafin alƙalami ko a'a, kuma in motar ta samu rauni a hanya wa zai ɗauki nauyi. Kada ka sayar da wadda kake hawa sai an tabbatar maka sabuwar ta fita daga hannun kwastan.

Ranar karɓa ma kada zumuɗi ya sa a sa hannu a guje. A duba ta da rana a fili, a zagaya fenti da gilasai da rim, a gwada lambar shasin da ke gindin gilashin gaba da ta takarda, a tambaya ko an duba batir tunda ta daɗe a ajiye, a kuma auna iskar taya don sau da yawa ana cika ta fiye da ƙima saboda zaman jirgi, in aka manta ba a rage ba za ka ji motar tana tsalle. Duk abin da ka gani a rubuta shi kafin ka fita da ita daga harabar, in ka fita magana ta zama taka.

Roƙona ga dillalai ba mai tsada ba ne, saƙon waya kawai a kowane mataki: an ƙera ga lambar shasi, an loda ga sunan jirgi, an sauke, ta fito daga kwastan. Kai kuma Edita dan Allah ka tura wakilinku ya zauna da masu wannan harka ya tambaye su me ya hana su yin haka, a buga mana amsarsu.

Na gode. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum