Ƙorafi kan sanarwar "ba shiga da kare sai da katin shaida" da ke ƙofar shagunanku

Zuwa ga Shugaba da manajojin kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu ma'aikata ne da 'yan sa-kai masu hulɗa da makafi da kurame da sauran masu amfani da karen taimako, wato karen da aka horar don ya taimaki mai larura, a nan Ingila. Ƙorafinmu a kan takardar nan ce da aka liƙa a ƙofar shagunanku da gidajen abincinku, mai cewa ba a shiga da kare sai an nuna wa mai gadi katin shaida.

Katin da kuke nema babu shi. Gwamnatin Birtaniya ba ta da rajistar karnukan taimako, ba ta kuma ba da wani kati a kansu. Abin da kuka gani a hannun wasu ɗan littafi ne mai bango rawaya, wanda ƙungiyoyin da ke ƙarƙashin Assistance Dogs UK suke ba wa waɗanda suka horar wa kare. Ganin dama ne mutum ya riƙe shi. Wanda ya gaji da jiran layin samun kare daga ƙungiyoyin nan ya horar da karensa da kansa, ko ya biya mai horarwa, ba zai taɓa samun littafin ba, kuma haƙƙinsa bai ragu ba. Hukumar Daidaito da Haƙƙin Ɗan Adam ta faɗi haka ƙarara a jagoran da ta fitar don 'yan kasuwa: ba a hana mutum shiga don ba shi da littafin, kuma doka ba ta wajabta wa kare sanya riga ko ɗamara ba.

Launin riga yana taimakawa, amma ba hujja ba ne. Karen jagoran makaho yakan zo da farar ɗamara mai ratsin rawaya, na wanda ya haɗa makanta da kurumta ja da fari, na kurame kuwa riga mai jan goro. Sai dai riga da baji da kati mai hoto duk ana sayar da su a intanet. Mai ƙarya shi ne zai fi kowa zuwa da kati mai sheƙi. Mai gaskiya kuma yana tsaye bakin ƙofa cikin ruwan sama, hannun hagu a kan ɗamarar kare, na dama yana laluben jaka, mutane sun yi cirko-cirko a bayansa, mai gadi yana tambayarsa ciwon da ke damunsa da ƙarfi. An bar jaki ana dukan taiki. Waɗanda suka fi shan wannan wulaƙanci su ne masu larurar da ba ta fito fili ba, kamar mai farfaɗiya ko mai ciwon suga wanda karensa ke sansano saukar suga kafin ya yanke jiki ya faɗi.

Dokar Daidaito ta 2010 ta ɗora muku nauyin yin sassauci gwargwadon hankali, sashe na 20 da na 29. Ƙa'idar "ba a shiga da kare" tana cikin abin da dole a sassauta. Wanda aka kora yana da wata shida ya kai ƙara kotun yanki, kuma ana biyan diyya har a kan ɓacin ran da aka jawo masa. Ko da mai gadin na haya ne, kada ku ɗauka kun tsira. Ƙa'idar taku ce yake aiwatarwa.

Mun san hujja biyu da ake kawowa. Ta farko tsafta. Ƙa'idar tsaftar abinci wurin da ake sarrafa abinci da ajiye shi take karewa, wato kicin da sito, ba wurin zaman masu ci ba. Ta biyu addini, kuma ba mu raina ta ba. Amma mafi yawanmu 'yan Malikiyya ne, kuma a mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, har da yawunsa. Ma'aikacin da yake ƙyama, ko mai larurar gashin kare, sai a musanya shi da wani a wannan tebur. Ba baƙon ake kora ba, ba kuma a tura shi can lungu kusa da banɗaki.

Abin da ke raba karen taimako da na gida halinsa ne, kuma minti biyu sun isa a gane. Wanda aka horar yana tafiya gefen mai shi, ya kwanta ƙarƙashin tebur, ba ya sansanar kayan shago, ba ya haushi ba gaira ba dalili, ba ya bayan gida a ciki don an koya masa yi sai an ba shi umarni. Idan kare ya hau kan mutane, ko yana gurnani, ko ya ɓata wuri kuma mai shi ya kasa tsawatar masa, kuna da damar cewa a fitar da shi, amma ku ci gaba da sayar wa mutumin abin da ya zo nema.

Don haka muna roƙon a cire takardar a duk rassa. Mai gadi ya tsaya kan tambaya ɗaya cikin ladabi: "Karen taimako ne?" Idan aka ce e, a buɗe ƙofa. A gaya wa masu kai abinci su yi magana da mutumin, kada su shafa karen, kada su jefa masa ƙashi ko guntun tsire, domin yana bakin aiki ne. A kuma rubuta wannan cikin takardar koyar da sababbin ma'aikata, har da masu aikin dare da na ƙarshen mako, don su ne ba sa halartar taro.

Muna sauraron amsarku a rubuce cikin kwana 14, da ranar da za a sauke sanarwar.

Wassalam,
Masu aiki da ma'abota karen taimako