Fiziks bai kai ga bayanin hankali ba tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ɗan bani fili in tanka wa rubutun nan da kuka buga a shafin kimiyya, inda marubucin yace wai an gama ganowa tunanin ɗan Adam ba komai bane illa lantarki dake yawo a ƙwaƙwalwa. Ni fiziks nake koyarwa a sakandare anan Gombe, da shi nake cin tuwo, amma gaskiya wannan magana ta wuce gona da iri.

Eh lantarkin yana nan, babu musu. Ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 ne a kan mutum suna ta aika wa juna saƙo, har waya ake liƙa wa mutum a ka a ga motsinsu a kwamfuta. To amma ga inda gizo ke saƙa. Ka gatsa attarugu, masana sun san sinadarin dake ciki sun san inda yake taɓawa a harshe, wannan binciken ma na cikin abinda yasa aka ba masanin kimiyya David Julius kyautar Nobel a 2021, za'a iya bin saƙon tun daga harshe har ƙwaƙwalwa, amma shi zafin da KAI kake ji har kana hawaye kana neman fiya wata, a wane lissafi yake? Ina rubuta wa ɗalibaina a allo cewa jan launi haske ne mai tsawon zango wajen nanomita 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), wanda aka haifa makaho zai haddace wannan tsaf yaci jarrabawa, kuma bai san ja ba.

Su kansu masanan basu ɓoye ba. A 1998 Christof Koch mai binciken ƙwaƙwalwa yayi caca da masanin falsafa David Chalmers cewa nan da shekara 25 za'a gano takamaiman abinda ke haifar da wannan ji da sanin kai a ƙwaƙwalwa. 2023 tazo ba'a gano ba, Koch ya fito gaban jama'a ya amsa an kayar dashi ya biya da kwalaben giya (su dai da nasu kalar alkawarin).

Ka bar ma zancen hankali. Duk abinda muke gani, taurari da duwatsu da mu kanmu, kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na abinda ke sararin samaniya, sauran ba'a san mene ne ba, suna kawai aka laƙaba musu. Ka'idar Einstein ta 1915 mai bayanin ƙarfin da ke jawo abubuwa ƙasa ya kuma riƙe taurari, da ka'idar kwantum mai bayanin ƙananan ƙwayoyin zarra, kowacce na aiki a fagenta amma har yau an kasa haɗasu su zama ɗaya.

Sai dai fa ina da magana da ɗaya ɓangaren, ƴan majalisar mai shayi da suna jin haka sai suce ai daman boko duk ƙarya ne, sai su jawo ayar ruhu ta cikin Suratul Isra'i su rufe zancen. Haba malam. Ayar ce mana tayi ilimin da aka bamu kaɗan ne, bata ce kaɗan ɗin ƙarya bane. Taswirar dake wayarka da ke nuna maka hanyar Dukku ko Kaltungo, agogon taurarin ɗan Adam ɗin da take dogara dasu yana gaba da namu da kusan mikrosakan 38 kullum (mikrosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), da lissafin Einstein ake gyarawa, in ba haka ba da tuni ta kai ka daji. Mudu baya faɗa maka ɗanɗanon gero, amma ba wanda zai ce awonsa ƙarya ne.

Roƙona in za'a sake irin wannan rubutu a ware mana abinda aka auna da abinda ra'ayin marubuci ne, kuma ga malaman fiziks nan a ATBU Bauchi da Jami'ar Jihar Gombe, a riƙa tuntuɓarsu kafin a buga.

Naku,
Wani malamin fiziks, Pantami, Gombe.