Barka da Kirsimeti daga Ingila

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanmu da Kirsimeti. Yaya hunturun Wusasa? A gaida su Yaya da yara, da iyayena na Zumuntar Mata. Ni lafiya ƙalau, sai dai a nan rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, kuma ranar bikin ina aikin dare a asibiti. Shinkafa da miyar kaza sai ku ci har da rabona.

Bana an ba ni ajin makarantar Lahadi a cocinmu. Mama, yaran nan ba a ɗaga musu murya, balle a yi zancen bulala, ga tambaya ba ƙarewa. Makon jiya muka yi sujadar Christingle. Kowane yaro ya riƙe lemo a matsayin duniya, an ɗaura masa jan ƙyalle don jinin Almasihu, an kafa kyandir a kai don shi ne hasken duniya. Ɗaya ya cinye alewar da aka soka a jiki tun ba a yi addu'a ba, wata kuma ta tsare ni sai na faɗa mata abin da ya hana Allah nema wa Maryamu ɗaki lokacin haihuwar Yesu. Na gode musu, sun sa na koma karatu.

Su ne suka tuna mini da Malam na ajin baftisma. Aya ɗaya sai ya yi ta maimaitawa har na baya ya kama, fuskarsa a sake. Albarkar Ruhu da ke Galatiyawa 5 mun haddace ta da ka, amma haƙuri da tawali'u a halinsa muka gan su. Kowa ya san sunan Likita Miller, Baturen mishan, da komawar mishan zuwa Wusasa a 1929, da fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Malaman da suka zauna da kakanninmu har suka iya karanta shi kuwa, ba a cika ambatonsu ba, kuma abin yana damuna.

Don haka cikin kuɗin da na turo wa Yaya, a saya wa Malam shadda da kaza da kwanon shinkafa biyar. Baba, don Allah kada a aiki yaro, ku kai masa da kanku, ku ce ɗalibarsa ma yanzu tana koyarwa. Sauran a biya wa Auta kuɗin makaranta na zango na biyu.

Zan kira ranar 26 da yamma, a caja waya.

Taku 'yar,
daga Leicester